Zink da Lafiyar Namiji: Inda Yake Aiki da Inda Ake Ɗora Masa Abin da Ba Nasa Ba

A ƙarshen shekarun 1950, wani likita haifaffen Indiya mai suna Ananda Prasad yana aiki a birnin Shiraz na ƙasar Iran, sai aka kawo masa wani saurayi ɗan shekara 21. Duk wanda ya gan shi zai rantse yaro ne ɗan shekara goma. Bai yi tsawo ba, babu gashin baki balle gemu, al'aurarsa ba ta girma ba, fatarsa ta bushe, jininsa kuma ya yi ƙasa ƙwarai. Abincinsa kusan kullum burodin alkama ne wanda ba a bari ya kumbura ba, nama sai jefi-jefi, ga shi kuma da ɗabi'ar cin yumɓu. Ba shi kaɗai ba ne, an samu wasu samarin masu irin wannan hali a ƙauyukan yankin.

Ƙarancin sinadarin ayon ya isa ya bayyana matsalar jinin, amma bai isa ya bayyana rashin girma da rashin balaga ba. Prasad ya san cewa dabbobin da aka hana wa zink, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, suna tsumburewa haka, marainansu kuma su ƙanƙance, saboda haka ya yi zargin abin da ke damun samarin ke nan. Ya wallafa bayanin a 1961. Daga nan ya koma Masar, inda ya tarar da samari masu irin wannan matsala, aka auna jininsu, aka tabbatar da zargin a 1963. Da aka fara ba su zink, sai suka soma tsawo, gashi ya fito, balagar da ta maƙale shekara da shekaru ta zo cikin watanni. Sai a 1974 Amurka ta sa zink cikin jerin sinadaran da aka ƙayyade wa mutum adadinsu a kullum.

Kusan duk abin da ake faɗa yau game da zink da ƙarfin namiji daga wannan labari ya samo tushe. Labarin gaskiya ne, babu ƙari a cikinsa. Sai dai akwai abin da masu tallan ƙwayoyi ba sa son tsayawa a kai: waɗannan samari rashi ne ya kama su, zink ɗin da aka ba su giɓi ya cike. Tambayar da ta shafi yawancin maza ita ce, wanda jikinsa ba shi da wannan giɓi, me ƙari zai yi masa?

Aikinsa a jiki

Duk zink ɗin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, kuma mafi yawansa, sama da kashi 80 cikin 100, yana cikin tsoka da ƙashi. Da wannan ɗan kaɗan ɗin enzayim fiye da 300 suke aiki, wato sinadaran da ke tafiyar da narkewar abinci, da gina furotin, da rabuwar ƙwayoyin halitta. Duk inda jiki ke sabunta kansa da sauri, nan ne buƙatarsa ta fi yawa: fata, da bangon hanji, da ƙwayoyin garkuwar jiki, da maraina, inda ake ƙera ƙwayoyin haihuwa ba dare ba rana. Shi ya sa idan ya yi ƙaranci alamun suke bayyana a wurare da yawa lokaci guda. Ciwo ya ƙi warkewa, gashi ya riƙa zuba, abinci ya daina daɗi a baki, ƙamshi ya dusashe, gudawa da mura su riƙa dawowa.

Jiki ba shi da wata ma'ajiya ta musamman da zai tara zink ya riƙa ɗiba a lokacin rashi, yadda yake tara ayon a hanta. Dole ya riƙa shigowa ta abinci a kai a kai. Ma'aunin da masana a Amurka suka tsayar a 2001 shi ne miligiram 11 a rana ga namiji baligi, 8 ga mace. Iyakar da suka ce kada a wuce, idan an haɗa na abinci da na ƙwaya, ita ce miligiram 40 a rana. A Turai iyakar ma ta fi haka tsauri, miligiram 25 ce. A riƙe waɗannan lambobi, domin da su za a auna duk abin da ke rubuce a jikin kwalba.

Batun testosteron

Nan ne maganar ta fi zafi. Testosteron homon ne, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa don isar da saƙo, mai hannu a sha'awa, da ginin tsoka, da ƙarfin ƙashi, da samar da maniyyi. Ƙwayoyin da ke sarrafa shi a cikin maraina suna buƙatar zink. Haka kuma furotin ɗin da ke karɓar wannan homon a cikin ƙwayar halitta yana da wasu lanƙwasa guda biyu da zink ke riƙe da su, kuma da su yake kama ƙwayar gado ya isar da saƙo. Alaƙar tana nan daram.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Prasad ɗin ne da abokan aikinsa, wanda ya fito a 1996. Sun rage wa wasu samari masu lafiya zink a abinci har mako 20, sai testosteron ɗinsu ya faɗo daga kusan 40 zuwa kusan 11 a ma'aunin nanomol cikin lita. Sannan suka ɗauki wasu dattawa da ke da ɗan ƙarancin zink suka ba su ƙari na wata shida, nasu ya tashi daga kusan 8 zuwa 16. Daga wannan sakamako na biyu ne aka ciro maganar da ke yawo cewa zink yana ninka testosteron.

A duba da kyau waɗanda aka gwada. Samarin su huɗu ne, dattawan su tara. Rukunin farko da gangan aka jefa su cikin rashi, na biyu kuma da rashinsu aka same su. Babu ko ɗaya da ya fara da isasshen zink sannan aka ƙara masa aka ga ya haura. Da wasu masu bincike a Jamus suka gwada hakan a kan mazan da ke motsa jiki kuma suke samun isasshen zink a abinci, testosteron bai motsa ba. Abin da ya ƙaru shi ne zink ɗin da ke fita ta fitsari. Lamarin kamar gishiri ne a miya: idan babu shi miyar ta yi lami, idan ya ji ta daidaita, abin da aka ƙara bayan nan kuwa ɓata ta zai yi.

Akwai abin da ya fi damuna a wannan gaɓa. Namiji yakan ji sha'awarsa ta ragu, ko gabansa ya daina ƙarfi yadda ya saba, kunya ta hana shi zuwa wurin likita, sai ya sayi kwalbar da aka ce tana gyara maza. Ya shanye, ya sayi wata. Alhali mafi yawan raunin gaba daga jijiyoyin jini yake tasowa, kuma manyan masu haddasa shi su ne ciwon suga, da hawan jini, da shan taba, da ƙiba, sai damuwa da wasu magunguna. Jijiyoyin jinin da ke wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka sukan riga su nuna alamar toshewa, wani lokaci da shekaru. Mutumin da ya ɓata wannan lokaci yana haɗiyar zink ya yi asarar gargaɗin da jikinsa ya ba shi. Shi ma ƙarancin testosteron na gaske ya fi zuwa daga teɓa, da ƙarancin barci, da ciwon suga, da yawan shan magungunan kashe zafi irin su tiramadol. Ana gane shi ne da gwajin jini da sassafe, kuma a maimaita shi a wata rana kafin a yanke hukunci.

Maniyyi da haihuwa

Zink ɗin da ke cikin maniyyi ya ninka na ruwan jini kusan sau ɗari. Daga furostet yake fitowa, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Yana taimakawa wajen ƙulle ƙwayar gadon da ke kan ɗan maniyyi don kada ta lalace a hanya. Bincike da dama sun nuna cewa mazan da ke fama da rashin haihuwa, idan aka ɗauke su a dunƙule, zink ɗin maniyyinsu ya gaza na sauran. Ganin haka, an daɗe ana ba maza zink da folik asid, wani nau'in bitamin B, a asibitocin neman haihuwa, da kyakkyawan zato.

Sai aka yi gwaji babba a Amurka, wanda mujallar likitanci ta JAMA ta wallafa a watan Janairun 2020. Ma'aurata 2,370 masu neman haihuwa aka ɗauka. Rabin mazan aka ba su zink miligiram 30 da folik asid miligiram 5 kullum har wata shida, sauran rabin aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma babu wanda ya san wadda yake sha. Wata shida ya isa, tunda ƙera ɗan maniyyi daga farko zuwa ƙarshe yana ɗaukar kwana 74 ko kusa da haka. A ƙarshe, kashi 34 cikin 100 na masu shan maganin suka samu haihuwa, a ɗaya rukunin kuma kashi 35. Yawan maniyyin da gudunsa da siffarsa duk ba su canza ba. Masu shan maganin ma sun fi kokawa da ciwon ciki da tashin zuciya da amai, kuma lalacewar ƙwayar gado a maniyyinsu ta ɗan fi ta sauran.

Wannan sakamako bai ce zink ba shi da amfani ga maniyyi ba. Abin da ya nuna shi ne, a cikin mazan da galibinsu ke cin wadataccen abinci, ƙara shi bai kawo ciki ba. Namijin da aka shekara ana nema ba a samu ba, hanya mafi gajarta gare shi ita ce gwajin maniyyi, domin a gano ko kumburin jijiyoyin maraina ne, ko wata cuta da ta toshe hanya, ko matsalar homon. Kuma adalci ne ya je a duba shi tun farko, kada a bar matarsa ita kaɗai da zaryar asibiti.

Akwai kuma tsoron da ake cusa wa samari cewa kowace fitar maniyyi tana kwashe wa jiki zink mai yawa. Abin da ke fita a lokaci ɗaya bai cika wuce miligiram 1 ba, kuma abinci na yau da kullum yana mayar da shi.

Ita kanta furostet labarinta yana da ɗaure kai. Babu wata gaɓa mai taushi a jikin namiji da ta kai ta tara zink, kuma an lura cewa idan sankara ta kama ta, zink ɗin da ke cikin ƙwayoyin yakan zube ƙasa sosai. Wannan ya sa wasu suka ɗauka cewa shan zink da yawa zai kare ta. Amma wani bincike da ya bi ma'aikatan lafiya maza kusan 47,000 a Amurka na tsawon shekara 14, wanda aka wallafa a 2003, ya gano cewa masu shan fiye da miligiram 100 a rana haɗarin kamuwarsu da sankarar furostet mai tsanani ya ninka na marasa sha fiye da sau biyu. Irin wannan bincike na bibiya ba ya tabbatar da cewa zink ɗin ne sanadi. Duk da haka ya isa ya sa mai hankali ya ja baya daga ƙwayoyin zink masu nauyi da sunan rigakafi.

Masu ɗaga ƙarfe da masu gudu

Mai motsa jiki da gaske yana rasa zink ta gumi da fitsari fiye da mai zaman ofis. Akwai kuma wani enzayim a cikin jajayen ƙwayoyin jini da ke taimakawa wajen kwashe iskar da jiki ya gama amfani da ita zuwa huhu, kuma da zink yake aiki. An gwada maza da abinci mai ƙarancin zink na wasu makonni, aka ga numfashinsu da bugun zuciyarsu sun fi wahala a lokacin atisaye. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu gudun dogon zango da ke cika ciki da abinci mai sitaci kaɗai, da 'yan dambe da 'yan kokawa masu matse cikinsu don su sauko da nauyi kafin gasa.

A kan wannan gaskiya aka gina kasuwar ZMA, haɗin zink miligiram 30 da magnesiyam da bitamin B6 da ake sha kafin barci. Victor Conte, wanda ya kafa kamfanin BALCO a jihar Kalifoniya, shi ne ya ƙirƙiro shi, kuma binciken shekarar 2000 da ya ce haɗin yana ƙara wa 'yan ƙwallo testosteron da ƙarfi, da sunan Conte ɗin a cikin marubutansa. Da wasu masu bincike na daban suka gwada shi a 2004 a kan masu ɗaga ƙarfe na mako takwas, ba su ga bambanci ba, ko a homon, ko a tsoka, ko a nauyin da ake iya ɗagawa. A 2005 kuma Conte ya amsa laifin rarraba wa 'yan wasa haramtattun magungunan ƙara kuzari. Har yau ZMA yana kan kantoci a faɗin duniya.

Wa ke cikin rashi da gaske?

Rashin zink ba ƙaramar matsala ba ce. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa kusan kashi 17 cikin 100 na mutanen duniya suna cikin haɗarin rashin samun isasshe, kuma abin ya fi yawa inda hatsi ne kusan dukan abinci. Dalilin yana da ban sha'awa. Hatsi da wake suna da zink, ba laifi. Amma suna ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet, wanda ke kama zink a cikin hanji ya hana shi shiga jini, su fice tare. Wannan ne ya cuci samarin Shiraz. Saboda haka ne hukumar kula da abinci ta Turai ba ta ba da lamba ɗaya ba: ta ce namiji yana buƙatar miligiram 9.4 idan fayitet kaɗan ne a abincinsa, har zuwa 16.3 idan yana da yawa.

Maganin fayitet a ɗakin girki yake. Jiƙa wake ko hatsi na sa'o'i kafin a dafa, da barin su su tsiro, da barin ƙullu ya yi tsami ko ya kumbura da yis, duk suna karya shi. Ɗan nama ko kifi a cikin abincin shi ma yana ƙara yawan abin da hanji ke tsotsa. Jan nama dafaffe giram 100 yana ba da miligiram 4 zuwa sama, gwargwadon yankan. Cinyar kaza ta fi ƙirjinta. Ƙwai ɗaya yana da ɗan fiye da rabin miligiram, kofin madara kusan 1, tafin hannu ɗaya na 'ya'yan kabewa kusan 2. Kawar teku ta fi kowane abinci, nesa ba kusa ba. Wanda ba ya cin nama sam yana iya buƙatar ƙarin rabin abin da aka ƙayyade.

Bayan abinci, akwai waɗanda rashin lafiya ke jawo wa matsalar: mai yawan shan giya, domin tana rage tsotsewa tana kuma ƙara zubarwa ta fitsari, mai ciwon hanta ko ƙoda, mai ciwon sikila, mai gudawa da ta daɗe ko ciwon kumburin hanji, wanda aka yi wa tiyatar rage tumbi, da tsofaffin da cin abincinsu ya ragu. Irin waɗannan su ne zink na ƙwaya ke yi wa aiki na zahiri, kuma likita ne ya kamata ya tsayar musu da adadi da tsawon lokaci. Gwajin jini yana taimakawa, amma ba ya faɗin komai, domin abin da ke yawo a ruwan jini bai kai ko kashi 1 cikin 100 na zink ɗin jiki ba, yana kuma sauka bayan cin abinci ko lokacin zazzaɓi. Shi ya sa likita ke haɗa sakamakon da tarihin abincin mutum da alamun da yake gani.

Idan ya yi yawa

Illar farko kowa yakan ji ta da wuri: tashin zuciya, murɗar ciki, ɗanɗanon ƙarfe a baki, musamman idan an sha ba a ci komai ba. Wadda ta fi haɗari a ɓoye take tafiya. Idan zink ya yi yawa, ƙwayoyin bangon hanji sukan ƙera wani furotin don su ɗaure shi, sai dai wannan furotin ya fi son sinadarin tagulla. Sai ya riƙe tagullar da ta shigo da abinci, bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin su saɓule su fita da ita ta bayan gida. Wata da watanni ana haka, jiki ya wayi gari babu tagulla. Jini ya yi ƙasa, fararen ƙwayoyin garkuwa su ragu, ƙafafu su fara dindiris, tafiya ta koma tangaɗi saboda lakar baya ta taɓu. Jinin yakan gyaru idan an daina, amma ɓarnar jijiya ba kullum take komawa daidai ba. Yawan zink na tsawon lokaci yana kuma rage kolestarol mai amfani, ya raunana garkuwar da aka sha shi don a ƙarfafa.

Wuce iyaka ba shi da wuya ko kaɗan. Mutum ya sha ƙwayar bitamin mai haɗi da safe, miligiram 11 ko 15. Ya sha ZMA da dare, 30. Ga na abinci, wajen 10. Ya riga ya haura 50, tun kafin ya ƙara da wani abin da aka ce na ƙarfin maza ne ko na mura. A juya kwalbar a karanta bayanta. Lambar da ke gaba sau da yawa nauyin haɗin ne gaba ɗaya: ƙwayar zink salfet mai miligiram 220, ainihin zink ɗin da ke cikinta 50 ne, kuma ita kaɗai ta wuce iyakar rana. Wadda aka rubuta wa zallar zink, ita ce lambar da ake ƙirgawa.

Game da mura, ƙwayoyin tsotsa na zink suna iya rage kwanakinta kaɗan idan an fara su da wuri, amma ba sa hana kamuwa da ita. Na fesawa ko shafawa a hanci kuwa a guje su: a 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kansu bayan mutane fiye da ɗari sun kai ƙarar cewa sun daina jin ƙamshi, wasu na dogon lokaci.

Zink yana kuma karo da wasu magunguna a cikin hanji. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifurofuloksasin da tetirasayikilin, idan aka haɗiye su tare da shi, sai su ɗaure juna, maganin ya kasa shiga jini yadda ya kamata, cutar ta ƙi mutuwa. Ƙa'idar ita ce a sha maganin aƙalla awa biyu kafin zink, ko awa huɗu zuwa shida bayansa. Ƙwayar ayon mai ƙarfi ita ma tana rage tsotsewarsa idan an sha su tare. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari kuma suna ƙara zubar da shi, don haka wanda ya daɗe a kansu ya dace ya ambata wa likitansa, tare da duk wata kwalba da yake sha a gida wadda ba likitan ne ya rubuta masa ba.